Filin Mata: Jiyyar Tsofaffi, Ta Gida Da Ta Asibiti

 

Wannan mako wata 'yar'uwa ce daga wajen Bakori ta aiko mini da takarda. Ta ce uwar mijinta ta haura shekara 70, hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki tun da damina. An kwantar da ita asibiti, an sallamo su. Yanzu gida ya rabu biyu. Maigidan ya ce a ɗauki malamar asibiti ta riƙa zuwa kullum, ko da za a sayar da masarar bana duka. Yayarsa kuwa ta ce abin kunya ne baƙuwa ta taɓa jikin Inna alhali ga 'ya'yanta da surukanta. Ita mai takardar ita ce ke wanka da wanki da tayarwa da kwantarwa, ga goyo a baya, amma ba wanda ya tambaye ta. Ta ce in raba gardama.

To, 'yar'uwa, kowannensu ya riƙe rabin gaskiya. Jiyya iri biyu ce, kuma kowace da mai ita.

Ta fari ita ce jiyyar hannu, watau wanka, da sauya shimfiɗa, da ba da abinci, da kai ta bayan gida, da zama a yi mata hira. Wannan ba ta bukatar takardar makaranta, haƙuri take so da tsabta. Mutanen gida sun fi kowa iya ta, domin su suka san kunun da Inna ke so da jikan da ke sa ta dariya.

Ta biyu ita ce jiyyar sani, watau allura, da wanke gyambo, da sauya robar fitsari, da awon jini da na suga, da ƙara magani ko rage shi. Wannan aikin likita ne da malaman asibiti. Ƙauna ba ta koya wa mutum allura. Mai shagon magani kuma ba likita ba ne. In za ku kira malamar jiyya gida, ku tabbata ƙwararriya ce mai lasin aiki.

Saboda haka ku duba Inna da kyau. Akwai gyambo? Akwai roba a jikinta? An rubuta mata allura? Tana shaƙewa in ta sha ruwa? In akwai ɗaya daga cikin waɗannan, maganar maigida ta fi ƙarfi, sai likita ya faɗi sau nawa malama za ta riƙa zuwa. In babu, ba lalle ne a karyar da rumbu don zuwan kullum ba. Ku riƙe jiyyar hannu a gida, a riƙa auna mata jini a kai a kai, ranar da aka ce a koma asibiti kuwa kada a ɗaga, ko da ta dace da ranar kasuwa.

Amma jiyyar gida ma tana da ƙa'ida. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi duk bayan awa 2. In an bar shi kwance ta gefe guda, nauyin jiki yakan hana jini kai wa fatar ƙugu da diddige, sai fata ta mutu, gyambo ya ɓarke. Kullum wajen wanka ki duba wuraren nan. In kin ga ja ko duhun da ba ya washewa, ki faɗa tun da wuri. Shimfiɗa ta zama busasshiya. Kada a ba ta abinci a kwance, a tayar da ita zaune, a ba ta kaɗan-kaɗan, domin kunun da ya ɓace hanya ya shiga huhu yana kawo ciwon haƙarƙari. A rage gishiri da dunƙule a miyarta. A riƙa miƙe mata hannu da ƙafar da suka shanye yadda masu gashi a asibiti suka nuna, kada gaɓoɓi su sandare. Maganin hawan jini kuma ba a daina shi don an ji sauƙi. Ciwon ba ya sallama in zai komo.

Akwai kuma lokacin da ba shawara, sai neman mota. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko numfashi ya yi wuya, ko fitsari ya tsaya, ko tsohuwa mai hankalinta ta rikice dare ɗaya, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a ɗura mata kome a baki. Sau da yawa rikicewar nan zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko faɗuwar suga, mu kuwa sai mu ce gigin tsufa ne, ko iska. A yi addu'a a hanya. Akwai Babban Asibiti a nan Funtuwa, akwai a Malumfashi. Abin da ya fi ƙarfinsu sukan tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a bakin hanyarmu ta zuwa Zariya.

Sai batun kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu da kaka, 'ya'yan Inna su zauna su ware buhunan da za a ajiye don magani da mota. Gwamnatin Tarayya ta yi dokar inshorar lafiya a 2022, an kuwa sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa. Maigida ya tambaya a asibiti ko za a iya yi wa Inna rajista.

Yanzu bari in juyo ga Yaya. Hajiya, kunyar da kike ji ta 'yar halas ce. To, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ba ki so baƙuwa ta yi wa Inna wanka, sai a raba kwanaki, ke ma ki karɓi naki. Mai jiyyar da ba ta barci, gobe ita za a yi jiyya. Kuma tun da Inna tana da hankalinta, a tambaye ta wa take so ya riƙa yi mata wanka. Jikinta ne.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Ku sami ɗan littafi ku rubuta sunan kowane magani, da lokacin shansa, da awon jinin Kaka. Ranar asibiti a miƙa wa likita. Ga amfanin boko tun kafin a gama shi.

Allah ya ba Inna lafiya, ya ba masu jiyya lada. Mu ma Allah ya ba mu masu duba mu ran da ƙafa ta gaza. Sai mako mai zuwa. Haza wasalam.