Imani, amana da amin, tushensu guda ne

 

Akwai wata tambaya da ke yawan dawowa duk lokacin da anka buɗe layin waya a rediyo kan zaman tare tsakanin Musulmi da Kirista: mi ya sa mutumin da bai taɓa taka ƙofar coci ba, in ciwo ya kama matarshi cikin dare sai ka ji ya ce a kai ta Galmi? Wasu na cewa ingancin magani ne, wasu na cewa rashin wata dabara ce. Mu a namu gani, mu Kiristocin wannan ƙasa, amsar tana cikin kalma guda, wato amana. Kuma ita ce zuciyar abin da Littafi Mai Tsarki ke nufi in ya yi zancen bangaskiya.

Mu fara da kalmar kanta. A Ibrananci, harshen da anka rubuta Attaura da Zabura da shi, ana ce ma bangaskiya "emuna". Tushenta ɗaya da "amin" ɗin da dukkanmu muke cewa bayan addu'a, ɗaya kuma da kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci: imani, amana, aminci, amini. Ma'anarta ta farko ita ce abu mai ƙwari wanda za a jingina da shi bai goce ba. A Littafin Fitowa sura 17, lokacin da hannuwan Annabi Musa sunka gaji, Haruna da Hur sunka tallafe su har faɗuwar rana, wannan kalmar ce anka yi amfani da ita don a ce hannuwan sun tsaya daram. A Sabon Alkawari ma, kalmar Girkanci "pistis" tana ɗauke da fuska biyu: ka dogara ga Allah, kai kuma ka zama wanda za a dogara da shi. Ƴan'uwanmu Musulmi sun san wannan zance sarai, tunda mutanen Makka sun kira Annabi Muhammadu da suna Al-Amin tun kafin ya fara kira.

Shi ya sa wasiƙar Yaƙub, a sura ta 2, ta kawo misalin mutumin da ya ga ɗan'uwanshi ba riga ba abinci, ya sallame shi da fatan alheri, bai ba shi komi ba. Yaƙub ya kira irin wannan bangaskiya matacciya. A Luka sura 16 kuma, Yesu ya koyar da cewa daga yadda mutum ya riƙe ƙaramin abu ake gane yadda zai riƙe babba. To ke nan Kirista ba ya da hurumin cewa "ku yarda da ni don na ba da gaskiya". Yarda ana gina ta ne kamar katangar ƙasa, yau a ɗora, a bari ta sha iska, gobe a ƙara.

Mu dubi inda anka gina ta a ƙasarmu. Asibitin Galmi, bisa babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa, mishan ɗin SIM ta buɗe shi a 1950, shekara goma kafin Nijar ta samu ƴancin kai. Mulki ya sauya sau nawa tun lokacin, an yi fari, an yi yunwa, asibitin yana nan inda yake. A Danja, kudu da Maraɗi, tun 1956 ake kula da masu ciwon kuturta, a zamanin da ko dangi kan ware ma mutum ƙwaryar shan ruwa. A 2012 anka ƙara da cibiyar yi ma mata masu yoyon fitsari aiki, matan da da yawansu mazajensu sun sake su. Mafi yawan waɗanda ke kwanciya a waɗannan gadaje Musulmi ne, sun shiga Musulmi sun fito Musulmi. Kakar da anka wanke ma gyambo a Danja ita ce ta gaya ma jikanta cewa mutanen nan ba su ƙyamar mutum. Babu wata sanarwar rediyo da za ta iya sayen irin wannan shaida, mu da ke aikin mun fi kowa sani.

Labarin da ya fi koya mana darasi shi ne na sassaben zamani. Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya da ke aiki da mishan a Maraɗi, ya lura a 1983 cewa ƴan tsiron sabara da kalgo da ake sassabewa kowace bazara suna da saiwa mai rai a ƙarƙashin ƙasa. In an bar reshe kaɗan an gyara su, sai su koma itace. Da farko mutane sun ɗauke shi mahaukaci, don wa zai bar itace cikin gona ya tare ma hatsi rana? Da yunwar 1984 ta zo, anka haɗa aikin da rabon abinci, dubban manoma sunka shiga. Da rabon ya ƙare, da yawa sunka ɗauki gatari sunka sare itatuwan. Waɗanda sunka bar nasu su ne waɗanda sunka ga amfanin da idonsu: itacen girki kusa da gida, harawar dabbobi, iska ta rage binne shuka da rairayi. Daga gare su ne abin ya bazu, manomi zuwa manomi, har yau ana ƙiyasta wajen hekta miliyan 5 da sunka farfaɗo a kudancin Nijar. Yardar da buhun hatsi ya sayo ta ƙare tare da buhun. Wadda gaskiyar aikin ta haifa ita ce ta kai mu yau.

A nan ne muke son mu yi ma ƴan'uwanmu Kiristoci magana ba ɓoye-ɓoye. Akwai zargin da ke yawo cikin unguwanni cewa taimakon Kirista ƙugiya ce da anka sa ma tsutsa. Duk wanda ya ba da shinkafa ko kuɗɗin lakwal da sharaɗin sai an zo coci, shi ne ke ba wannan zargi ƙafafu, kuma yana rushe abin da wasu sunka share shekara 70 suna ginawa. Basamariyen da Yesu ya ba da misalinshi a Luka sura 10 bai tambayi wanda ƴan fashi sunka sassara addininshi ba, ya biya kuɗɗin masauki ya kama hanyarshi. A Matiyu sura 6 an hana mu yin shela in za mu ba da sadaka. To ina matsayin wanda sai ya ɗauki hoton marayu ya sa a Facebook kafin ya miƙa musu kwano? Faɗar abin da ka gaskata haƙƙinka ne, in an tambaye ka ka amsa da ladabi. Amma maras lahiya da mai jin yunwa ba su cikin halin da za a yi ciniki da su.

Wani zai ce, to ai duk da wannan hidima, ranar 16 da 17 ga watan Janairun 2015 an ƙona coci-coci masu yawa a Damagaram da Yamai, mutum 10 sunka rasa rayukansu, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, wanda babu hannun Kiristan Nijar ko ɗaya a ciki. Gaskiya ne, kuma ciwon bai gama warkewa ba. Amma a cikin waɗannan ranaku akwai Musulmin da sunka buɗe ƙofofinsu sunka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci. Wanda ya ɓoye ka ranar tashin hankali ya san ka ne tun ranar zaman lahiya: kun yi suna tare, kun yi jana'iza tare, ka taɓa kai ɗiyarshi likita bisa babur ɗinka. Masu wuta kuwa yawancinsu ba su san sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda sunka ƙona ma wurin ibada ba.

Kiristoci ba mu kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba, kuma ba kowa ne zai gina asibiti ba. Amma kowa na da Galmin shi. Telan da ya ce Alhamis kaya sun yi, ya zama Alhamis ɗin ce. Mai butiki ya cika tiya. Malamin lakwal ya zo aji ko ba mai duba shi. Ma'aikacin biro ya sa hannu a takarda ba tare da jiran goro ba. Matar da anka ba ajiyar kuɗɗin adashe ta fito da su cif ranar kwasa. Maƙwabcinka ba zai karanta Littafi Mai Tsarki ba, kai ne yake karantawa kullum.

Ga ƴan'uwanmu Musulmi kuma, roƙonmu ɗaya ne: ku auna mu da mudun da kuke auna kowa, mudun amana. Wanda ya ci amana a cikinmu ku kira shi da sunanshi, kada ku shafa ma sauran. Wanda ya riƙe, ku shaide shi ko a bayan idonshi.

Allah ya ba mu zaman lahiya da damina mai albarka. Mu ce amin, mun kuma san abin da kalmar ke nema daga gare mu.