Hujjar Zaman Sabo Tana Kwance a Jami'ar Badun

A shekarar 1916 babu wanda ke raye yau da zai ba da shaida, amma a watan Satumba 2025 kowa ya ga naɗin Rashidi Ladoja, Olubadan na 44. To, duk sa'ad da aka yi sabon sarki, ya kamata Hausawan Sabo su tambayi kansu: da wace hujja muke zaune a nan?

Amsar ba ta da nisa. Tana cikin Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa, wanda Dokta Kenneth Dike ya kafa a 1954, a harabar Jami'ar Badun. A can aka tara fayilolin Razdan na Lardin Oyo da na Di'o na Badun, da umarnin En'e, da takardun koke na masu neman sarauta.

A 1916 aka keɓe wa Hausawa fili kusa da Mokola, da yardar Bale na Badun da majalisarsa (a lokacin ba a fara kiransa Olubadan ba, sai 1936). Aka ba Sarkin Hausawa iko ya san mai shiga da mai fita, domin ana kukan ɓarayi na fakewa cikin fataken shanu da na goro. Watau da umarnin hukuma aka kafa Sabo, ba wai mutane ne suka zo suka kafa bukka da dare ba.

Amma fa takarda ba ta son kai. A 1952 aka daina lissafa Sabo a matsayin unguwar Hausawa zalla. Dokar Filaye ta 1978 kuwa ta danƙa ƙasar birni a hannun Gwamna. Saboda haka wanda ya ɗauki umarnin 1916 zuwa kotu da nufin ya mallaki fili, zai sha kunya. Amfaninsa shi ne toshe bakin masu cewa baƙi jiya-jiya suka zo, irin maganar da aka yi ta ji bayan rikicin kasuwar Sasa a Fabrairu 2021.

Wani Bature, Abner Cohen, ya karanta waɗannan fayiloli har ya buga littafi a kan Sabo a 1969. Abin kunya ne a ce baƙo ya riga masu gida. Takarda ba ta jure laimar Kudu da gara. Ya kamata fadar Sarkin Hausawa ta tura samari biyu ko uku masu ilmi su ɗauko hoton kowane shafi, a juya da Hausa, a kai wa Olubadan kwafi guda.