Baƙin Mai Ba Maganin Ƙazuwar Kare Ba Ne

Yau maganar kare zan yi, na kuma san tun daga nan wasu za su taɓe baki su ce ɗan Jajimaji ya je Legas ya koyo halin mutanen Kudu. To a yi haƙuri a ji ni tukuna.

A nan Legas, inda nake riƙe wa mahaifina rumfar wake, akwai karnukan da suke da katin asibiti da sabulun wanka nasu na kansu, wasu har a kan kujerar falo suke kwana. Ba wannan nake nema mana ba, ba al'adarmu ba ce. Amma a gida, daga Jajimaji hedikwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, ka bi hanya ko ta Nguru ko ta Gashuwa, kare ma'aikaci ne. Shi ke gadin tumaki da rumbu da dare, shi ke bin Fulani kiwo, shi mafarauta ke fita da shi da rani. Ladansa ragowar tuwo ko burabusko. Ranar da gashinsa ya fara zuba, yana susa har jini, sai a yi masa ɗayan biyu: ko a kore shi da jifa, ko a samo baƙin man babur ko na injin niƙa a shafe shi da shi tun daga kai har wutsiya. Wanda ya yi na biyun ma gani yake ya yi taimako.

Baƙin mai guba ne. Kare kuwa duk abin da ke jikinsa sai ya lashe, ga fatar tasa a tsattsage, man na shiga jiki ta cikin gyambon. Haka masu jiƙa Sniper ko ota-fiya-fiya su yi wa kare wanka. Maganin da hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni a 2019 saboda yadda yake kashe mutane, shi za ka zuba wa ɗan kwikwiyo? Sai ka ga yana dalalar da miyau yana karkarwa, a ce wai ciwon ne ya ci ƙarfinsa.

Abin da ya kamata mu gane, ƙaiƙayin kare ba iri ɗaya ba ne. Akwai ƙazuwa, wadda wani ɗan ƙwaro da ido ba ya gani yake kawowa, yana haƙa rami a cikin fata yana ƙwai. Takan fara daga gefen kunne da gwiwar ƙafa da ciki, fatar ta yi kauri ta yi ɓawo. Tana yaɗuwa daga kare zuwa kare, yaran da ke wasa da shi ma sukan kwashi ƙaiƙayin a hannu da ciki. Akwai kuma borin jini, wanda yawanci cizon ƙuma ke tayarwa: jikin wani karen bai jure yawun ƙuma, ƙwaya ɗaya ta cije shi sai ya yi ta gaigayar gindin wutsiyarsa kwana da kwanaki. Da damina akwai ƙudan da ke ƙwai a cikin yashin da kare ke kwanciya, tsutsarsa ta shige fata ta yi ƙurji kamar maruru. Ga kaska, wadda ba jini kaɗai take sha ba, zazzaɓi take sa masa. In ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja, to ita ce. Ban ma yi maganar ƙarangiya da ke maƙalewa tsakanin yatsu ba, wannan kowane ɗan Yobe ya san ta a ƙafarsa.

Yaya mai ɗaya zai warkar da duk waɗannan? Ƙazuwa tana da magani sananne, ibamektin, irin wanda ake raba wa mutane kyauta da sunan Mectizan tun 1987 domin makantar kogi, makiyayanmu kuma sun san allurarsa a jikin shanu. Sai dai ba a yi wa kare awon sa. Malamin dabbobi ne zai duba nauyinsa da shekarunsa, a kuma maimaita bayan kamar mako biyu saboda ƙwan da zai ƙyanƙyashe, in ba haka ba an yi aikin banza. A haɗa da duk karnukan gidan, a ƙone tsohon buhun da yake kwana a kai, a share wurin, domin mafi yawan ƙuma ba a jikin kare suke ba, ƙwansu da tsutsarsu suna ƙasa. A kuma daina jefa masa maganin ciwon jiki na mutane a cikin tuwo, wasu suna fasa masa ciki su taɓa ƙoda.

Na san za a ce da ni, mutane ma ba su gama samun magani ba, sai kare? Maganar tana da nauyi, ba na raina ta. Amma mu 'yan kasuwa ne, mu yi lissafi. Kuɗin allura biyu bai kai kuɗin tunkiya ɗaya da ɓarawo zai ɗauke a daren da babu mai haushi ba. Wasu kuma su fake da addini. Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa an halatta riƙe kare don gadi da kiwo da farauta, in ya sa baki a ƙwarya a wanke sau bakwai. Su ne kuma suka ba mu labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ban taɓa jin malamin da ya ce ka ci moriyar dabba ka bar ta tana ruɓewa da ranta ba.

Babban abin tsoron ma ba fatar ba ce. Karen da aka kora saboda ƙazuwa shi ke komawa bola da bayan mahauta, yana faɗa da karnukan da babu mai su, can yake ɗauko ciwon hauka ya dawo unguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yakan yi wata biyu ko uku a jiki shiru, amma da zarar mutum ya fara tsoron ruwa, da wuya ƙwarai a tsira. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a nufi asibiti a ranar domin allura, kada a tsaya ɗaura gashin karen a kan ciwon.

Allurar rigakafin karnuka kuwa ba daga Ingila za a jira ta ba, a Vom ta Jihar Filato ake yin ta, ana fara yi wa kwikwiyo yana ɗan wata uku, a sabunta duk shekara. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki, ciwon yakan daina yawo. An ware 28 ga Satumba domin wannan cuta. Ina roƙon sashen kula da dabbobi na Karasuwa da Nguru da Bade, tare da masu unguwanni da sarakunan farauta, su ɗauki ranar kasuwa mafi kusa da ita, a kafa rumfa a gefen kara, kowa ya jawo karensa da igiya, a yi masa rigakafi a duba fatarsa a tafiya ɗaya.