Jaka Ɗaya a Wata: Lafiyar Iyali a Adjamé da Treichville

Bahaushen Abijan, kamar ɗan'uwansa na Maraɗi da Tawa, da dala yake ƙirga kuɗi. Dala ɗaya sefa 5 ce, dala ɗari biyu kuwa su ne jaka ɗaya, wato sefa 1,000. Ya kamata ɗalibin Hausa ya riƙe wannan lissafi, domin a kan jaka ɗaya maganarmu ta yau ta tsaya. Ita ce abin da gwamnatin Kodibuwa ta ɗora wa kowane mutum a wata, a matsayin kuɗin inshorar lafiya ta kowa da kowa, wadda ake taƙaita sunanta da CMU. Ra'ayina shi ne, maigidan da aljihunsa bai da nauyi a Adjamé ko Treichville ya biya wa iyalinsa wannan jaka tun suna da lafiya, kuma ƙungiyoyin 'yan gari su shigo cikin lamarin.

Bari mu fara da yadda tsarin yake. A watan Maris na 2014 aka kafa dokar, daga baya aka kafa hukumar da ke riƙe da asusun, CNAM. Sai a watan Oktoba na 2019 aka fara yi wa mutane magani a ƙarƙashinta. Dokar ta shafi duk mazaunin ƙasar, ɗan ƙasa da baƙo, saboda haka mai sayar da garba da ya zo daga Nijar da ɗan kasuwar da ya zo daga Kano duk suna ciki. Rajista kyauta ce: mutum ya je da takardar shaidarsa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, daga baya a ba shi kati. Idan ciwo ya zo, asusun ya biya kashi 70 cikin ɗari na kuɗin ganin likita da gwaji da magungunan da ke cikin jerin da aka amince da shi, mai ciwo ya cika kashi 30. Waɗanda hukuma ta tantance cewa ba su da hali, gwamnati ce ke ɗauke musu nauyin.

Ma'aikacin kamfani ya huta da tunanin biya, domin daga albashi ake cirewa, kuma wurin aikinsa na ɗauke masa rabi. Mafi yawan mutanenmu kuwa ba su da albashi. Masu tebur ne, da mahauta, da wanzamai, da masu tura baro a kasuwar Adjamé, da masu gadi, da masu soya kifi a rumfar garba, abincin da Abijan duka ta sani da sunan Bahaushe. Irin waɗannan sai mutum ya tuna da kansa, ya biya ta waya, ta hanyar Orange Money ko makamantanta. Abin da ba a cire maka da ƙarfi ba kuwa, mantuwa ba ta yi masa wuya.

To, ga lissafin. Gida mai mutum shida zai biya jaka 6 a wata, jaka 72 a shekara. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar, tun daga Janairun 2023, jaka 75 ne. Ke nan kuɗin shekara ya kusa cinye albashin wata guda cur, kuma duk wanda ya ce wannan ba komai ba ne bai taɓa biyan hayar ɗaki a Treichville ba. Amma a raba shi kwana-kwana: dala arba'in ce a yini ga gidan baki ɗaya, ƙasa da dala bakwai a kan kowane mutum. A ɗauka kuma yaro ya kwanta, kuɗin gwaji da magani suka kai jaka 20. Mai kati zai biya jaka 6. Wanda ba shi da shi zai nemo ashirin ɗin a dare ɗaya, kuma mun san inda ake nemo su: a cikin jarin sana'a, ko a hannun mai ba da bashi, ko a sayar da akuyar da aka ajiye a gida. Ciwon kwana uku ya zama talaucin shekara.

Akwai hanyar da ta fi wannan araha a ido, kuma kowa a Adjamé ya san ta. Kasuwar Roxy ta shahara a Afirka ta Yamma da sayar da magani a kan tire, ƙwaya ɗaya-ɗaya, ba takardar likita, ba gwaji. Hukuma ta sha kai samame tana kwashe kaya, kasuwar tana dawowa, domin bukatar da ta haife ta tana nan. Ban ga laifin uwar da ta je can da dala ɗari a hannu ba. Sai dai maganin da ya yini a rana, wanda ba a san asalinsa ba, yana iya kwantar da zazzaɓi ya bar cutar tana cin jiki, har a kai yaron babban asibitin koyarwa na Treichville a lokacin da kuɗi kaɗan ba sa isa. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma a sha'anin magani tana iya cin rai.

Masu suka suna da hujjoji, kuma bai kamata a raina su ba. Na farko, suna cewa katin ba ya aiki ko'ina. Gaskiya ne. Sai a cibiyoyin da suka ƙulla yarjejeniya da asusun, yawancinsu na gwamnati, kuma ƙa'ida ita ce a fara daga ƙaramin asibitin unguwa, shi zai tura mutum gaba, in ba ciwon gaggawa ba. Na biyu, mutum na iya zuwa da katinsa a ce masa maganin ya ƙare, ko kuma wanda aka rubuta masa ba ya cikin jerin. Wannan ƙorafi ne da aka daɗe ana yi, kuma haƙƙin gyara shi yana wuyan gwamnati. Amma wanda yake biya shi ke da bakin tambaya. Da babu gara ba daɗi, kuma kamfanonin inshora masu zaman kansu, waɗanda katinsu ke buɗe ƙofar manyan asibitocin kuɗi, farashinsu na masu albashi mai tsoka ne.

Hujja ta uku ta addini ce. Wasu na jin kalmar inshora, wadda Hausa ta aro daga Turanci, sai su tuna da caca. Malamai sun bambanta abu biyu. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana inshorar kasuwanci, ta halatta ta taimakon juna, wadda ake kira takaful. A fahimtata, asusun da jama'a ke zuba wa kuɗi don a yi wa mai ciwonsu magani, ba don wani ya ci riba ba, ya fi kusa da ta biyun. Bahaushe ma bai rasa irinsa ba. Adashe muke yi, gayya muke yi, gudummawa muke kaiwa. Bambancin kawai, a wannan adashe wanda ciwo ya kama shi ne mai kwasa, kuma kowa na roƙon Allah kada kwasar ta zo kansa.

A nan ne nake ganin gyara ya wajaba a kanmu. Idan aka yi rasuwa a cikin 'yan gari, kafin azahar an haɗa kuɗin likkafani da na mota, wani lokaci har da na mayar da iyalin mamaci gida. Wannan hali ne mai kyau. Amma me zai hana hannun da ke tara kuɗi bayan mutuwa ya tara su kafin ta? Ƙungiyar da ke da ma'aji da littafi tana iya karɓar dala arba'in a hannun kowane maigida kullum, ƙarshen wata ta biya wa kowa, ta kuma ware ɗan asusu domin cika kashi 30 ɗin nan ga wanda ya gaza. Sarakunan Hausawa da limaman unguwa suna iya neman a kawo masu rajista ƙofar masallaci. Tun daga 2022 gwamnati ta sa shaidar rajistar cikin sharuɗɗan samun wasu takardu, sai mutane da yawa suka karɓi katin suka jefa a aljihu ba tare da sun biya ko wata ɗaya ba. Kati irin wannan ado ne kawai, domin sai biya ya daidaita yake aiki, kuma akwai ɗan lokacin jira bayan an fara biya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan hali bai kai a biya wa kowa ba, da wa za a fara? Maigida yakan fara da kansa, da hujjar cewa shi ne mai nema. Ina ganin a fara da wanda ya fi yawan zuwa asibiti: tsohuwar da ke gida, da uwar yara, da yaran da suka haura shekara biyar, tun da ƙananan da masu juna biyu akwai rangwamen da gwamnati ta yi musu a asibitocinta tun 2012. Sannan a riƙa ƙara mutum ɗaya duk lokacin da ciniki ya buɗe. Jaka ɗaya ba za ta hana ciwo zuwa ba, amma tana iya hana shi tafiya da jari. Allah Ya ba mu lafiya, Ya hore mana abin biya.