Zoben Matsafi da Sahun Asuba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa na Bader Goula, sahun Asuba ya ragu. Gero ya shiga rumbu, ba aikin gona za mu ɗora wa laifi ba. Na bincika, sai na iske samarinmu suna kwana da waya a kunne, suna sauraren littattafan yaƙi da tsafi da ake turowa ta WhatsApp: talaka ya tsinci zobe, ko guguwa ta sure shi, ya farka a birnin aljanu, ya auri 'yar sarkinsu, ya dawo da dukiya.

Wani zai ce, "Malam, ai tatsuniya ce, kakanninmu ma sun yi." Gaskiya ne, ban haramta labari don labari ne ba; tun 1934 Gandoki ya leƙa ƙasar aljanu a littafin Bello Kagara. Amma tsohuwa takan rufe tatsuniyarta da ƙurunƙus, yara su kwanta. Wannan kuwa kashi na hamsin yana kiran na hamsin da ɗaya, har zakara ya yi cara. Annabi (SAW) ya kasance yana ƙin hira bayan Isha'i, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Wanda barci ya rinjaya yana da uzuri, ya rama idan ya farka. To wanda ya san kansa, ya kuma raya dare da gangan a kan ƙarya, ina uzurinsa?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne aƙida. Ku lura, idan jarumin ya shiga tsanani, wa yake kira? Zobe yake murzawa, ko ya ambaci sunan aljani, ko ya nufi kogon boka, kuma kullum buƙata tana biya. Zuciyar da ta sha wannan dare ɗari, ranar da ɗa ya kwanta ciwo ko saniya ta ɓace, ina za ta fara nufa? Aya ta 6 a Suratul Jinn ta ba da labarin mazajen da suka nemi tsarin aljanu, ba su ƙaru da komai ba sai wahala. A Suratu Saba'i, aljanu sun yi ta bauta ba su san Annabi Sulaimanu ya rasu ba, sai da gara ta ci sandarsa. Waɗannan ne za su san gaibu? Malaman tafsiri sun ce Nadru ɗan Harisu ma da labaran jaruman Farisa ya riƙa janye Ƙuraishawa daga sauraren Alƙur'ani.

Iyaye, ku da ke biyan kuɗin caji, ku tambayi abin da ke cikin katin wayar. Samari kuwa, in jarumta kuke so, gobe bayan Magariba za mu fara karatun yaƙin Badar a masallaci. Ku zo da ƙannenku.

Wassalamu alaikum.