Faifan da ya kai masu shi gidan kaso

A shekarar 1976 wani saurayi mai suna Greg Ginn ya kafa ƙungiyar makaɗa a garin Hermosa Beach, cikin jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, wadda daga baya aka sani da sunan Black Flag. Kiɗansu mai sauri ne, mai amo, waƙar kuwa kururuwa ce ta samari masu jin haushin zamaninsu. Irin wannan kiɗa shi ake kira hardcore punk.

Ginn ɗan kasuwa ne tun yana yaro, don kuwa kamfaninsa SST kayan rediyo ya fara sayarwa kafin ya koma buga fayafai. A ƙarshen 1981 suka fito da babban faifansu na farko, Damaged, mai waƙoƙi 15, da muryar sabon mawaƙinsu Henry Rollins, mutumin birnin Washinton.

Buga kaya daban, kai shi kasuwa daban. Domin faifan ya shiga kantuna, sai suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Unicorn, wanda ke rarraba hajarsa ta hannun babban kamfanin MCA. An riga an buga kwafi wajen dubu 25 da tambarin MCA, sai wani shugaban kamfanin ya saurara, ya ce faifan na tunzura ƴaƴa su bijire wa iyaye, ya ƙi ɗauka. Makaɗan suka liƙe tambarin da takarda, suka shiga rarraba kayansu da kansu.

Daga nan rigima ta kai gaban alƙali tsakaninsu da Unicorn, aka hana su fitar da komi da sunan Black Flag. Da suka fito da tsofaffin waƙoƙinsu ba tare da sunan ƙungiyar ba, kotu ta ce sun taka umurninta, aka rufe Ginn da abokinsa Chuck Dukowski kwana 5. Ba su samu kansu ba sai da Unicorn ya karye a 1983. Cikin 1984 kaɗai suka fitar da sababbin fayafai 3.

Yau ana lissafa Damaged cikin ginshiƙan wannan kiɗa. Amma ɗan kasuwa ya lura: waɗannan samari su suka yi waƙa, su suka buga ta, duk da haka takarda guda da suka sa wa hannu ta raba su da sunansu kusan shekara 2. Wanda zai danƙa hajarsa ga dillali, ya fara tambayar ko dillalin ma yana da ubangida.