Cutar da ke cinye shinkafar mutum miliyan 60: Shin masana sun gano lagonta?

A ranar 9 ga watan Zul-Hajji, idan aka raba abinci a tantunan Arfa, da wuya a rasa shinkafa a ciki. Alhazai sama da miliyan 1.6 ne suka tsaya a filin a shekarar 2025, kuma kusan duk shinkafar da suka ci daga waje ta zo. Saudiyya na shigo da fiye da tan miliyan ɗaya a kowace shekara, mafi yawanta basmati daga Indiya.

Manoman da ke noma wannan basmati da takwarorinsu na fadamun Kebbi da Kura da Haɗeja suna da abokin gaba guda: cutar ƙonewar shinkafa, wadda masana ke kira bilas. Wata ƙwayar cuta dangin funfuna, mai suna Magnaporthe oryzae, ce ke haddasa ta. Tana fara bayyana da tabo mai siffar ido a kan ganye, idan kuma ta kama wuyan zangarniya sai shinkafar ta bushe ba ta cika ba. An ƙiyasta cewa abin da take lalatawa a duniya duk shekara ya isa ciyar da mutum miliyan 60.

Yadda take fasa ganye

Ƙwayar ba da ka take kai hari ba. Idan iska ta ɗauko irinta ta ajiye a kan ganye mai raɓa, sai ya tsiro ya fitar da siririn zare. Zaren na jin tauri da santsin ganyen, sai bakinsa ya kumbura ya zama ƙullutu mai baƙin bango. A cikin ƙullutun ƙarfin matsi ke taruwa, har ya ninka na tayar mota kusan sau 40, sannan ya huda fatar ganyen.

Amma me ke sanar da ƙwayar cewa ta sauka a inda ya dace? A cikinta akwai wasu sinadarai na furotin da ake kira kainas, waɗanda aikinsu isar da saƙo ne. Ɗaya ya kunna na gaba, shi ma ya kunna na gaba, kamar yadda umarni ke saukowa daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, har saƙon ya kai ga ƙwayoyin gado.

A shekarar 1996, Jin-Rong Xu da John Hamer na Jami'ar Purdue da ke Amurka suka cire ɗaya daga cikin waɗannan 'yan aike, mai suna Pmk1. Ƙwayar ta ci gaba da girma a cikin kwanon gwaji, amma ta kasa yin ƙullutun. Ko da aka yi wa ganye rauni aka zuba ta a ciki, ba ta iya yaɗuwa ba. Wato girma daban, iya cutarwa daban, kuma makunnin kowanne daban ne.

Sauran 'yan aiken kowa da nasa aiki. Idan aka cire Mps1, mai kula da ƙarfin bangon ƙwayar, ƙullutun zai fito amma ba zai iya huda ganye ba. Shi kuwa Osm1, mai taimaka mata jure gishiri da ƙarancin ruwa, ko babu shi cutar na nan daram.

A 2018 tawagar Farfesa Nick Talbot a Jami'ar Exeter da ke Birtaniya ta ƙara wani babi. Ta bar ƙwayar ta shiga ganye, sannan ta kashe Pmk1 da wani sinadari. Ƙwayar ta maƙale a ɗakin farko na ganyen, domin Pmk1 ne ke ba ta umarnin tsuke jikinta ta ratsa ƙananan ƙofofin da ke haɗa ɗaki da ɗaki. An kuma samu irin wannan makunni a Fusarium, mai sa tumatir yaushi, kuma a can ma cire shi na raunana cutar.

Me ya hana a yi magani?

A nan ne gizo ke saƙar. Jikin ɗan'adam da na dabbobi da na tsirrai duk suna amfani da 'yan'uwan waɗannan kainas ɗin, don haka maganin da zai toshe na ƙwayar cutar kaɗai, ya ƙyale na mai cin shinkafar, ba abu ne mai sauƙi ba. A gwajin Exeter ma sai da aka sauya halittar ƙwayar tukuna kafin sinadarin ya kama ta, abin da ba zai yiwu a gona ba. Duk wanda ya ce an kusa kawar da cutar ya yi gaggawa.

Sai dai hanyar ba a toshe take ba. Maganin fludioxonil, da ake wanke iri da shi a ƙasashe da dama, yana aiki ne ta hanyar rikita saƙon da ke kula da ruwan jikin ƙwayar, sai ta yi ta kumbura har ta fashe.

Buƙatar sabon magani kuwa a fili take. Manoman basmati sun daɗe suna dogara da tricyclazole, wanda ke hana ƙullutun samun baƙin bangonsa. Daga farkon 2018 Tarayyar Turai ta rage adadin ragowarsa da za ta lamunta a basmati daga miligiram 1 zuwa 0.01 a kowane kilo, matakin da ya girgiza masu fitar da shinkafar daga Indiya.

Ƙwayar kuma ba ta tsaya kan shinkafa ba. Wani nau'inta mai kama alkama ya ɓulla a Brazil a 1985, ya isa Bangladesh a 2016, sannan Zambiya a 2018. Wannan abin lura ne ga Najeriya, wadda ke ƙoƙarin faɗaɗa noman alkama a Jigawa da Kano.

Ga manomin Kura, abin da ke hannunsa a yanzu bai wuce abin da malaman gona suka saba faɗa ba: ya nemi iri mai juriya, ya wanke shi da magani, ya kawar da karmamin bara, kuma ya raba takin yuriya kashi-kashi, domin yawansa a lokaci guda na sa ganye ya yi laushin da ƙullutun zai huda cikin sauƙi.